Dattijon da na ɗauka a fim ya rasu, babban ɗansa ya ce kar na fitar

Wannan saƙon wani matashi ne daga Kano ya turo, ya roƙi a sakaya sunansa, na kuma taƙaita shi don yana da tsayi:

"Assalamu alaikum Yaya. Shekarata 28, aikin jarida na karanta amma tun ina makaranta dokumentari ne a raina. Ɗaukar bidiyon biki da suna da walima nake ci da shi. Kusan shekara biyu ina zuwa wata marina a cikin birni ina ɗaukar wani dattijo marini, tun yana korata har muka saba ya zama kamar kakana. Da bakinsa ya ce in ɗauka in nuna wa duniya, sai dai ban sa shi ya sa hannu a takarda ba, ban kuma ɗauki maganar a kyamara ba. Kwanan nan Allah ya yi masa rasuwa. A cikin abin da na ɗauka akwai inda yake kuka da 'ya'yansa maza cewa sun watsar da sana'ar gado sun koma tuƙin adaidaita, akwai kuma inda yake kwance yana jinya a ɗakinsa. Babban ɗansa ya aiko min cewa bai yarda a nuna ubansa ba. Wata ƙungiya kuma ta ga guntun da na sa a Instagram sun ce zasu sayi duk abin da na ɗauka, kuɗin zai ishe ni lefe. Abokaina sun ce in ɗora a YouTube kawai tunda marigayin ya yarda. Mahaifina ya ce ya gaji da yawon kyamara, in nemi aikin albashi in yi aure. Na rasa inda zan sa kaina."

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan wannan bawan Allah ya kyautata makwancinsa, kai ma Allah ya baka haƙuri, don mutumin da ka yi shekara biyu kana zama a bakin rijiyarsa kana jin hirarsa rashinsa ya taɓa ka ko ba ka faɗa ba. Na karanta wasiƙarka har ƙarshe ina neman inda zaka ce ka je gidan ta'aziyya, ban gani ba. In ka je Alhamdulillahi. In baka je ba to daga nan zaka fara, kuma ka je hannu rabbana ba kyamara ba maganar fim, ka gaishe su ka yi addu'a ka tashi. Ta yiwu wannan aiken da babban ɗan ya yi maka rabinsa ma haushin haka ne, yana ganin wanda ya yi ta sintiri lokacin da tsohon yake da amfani ya ɓace da tsohon ya kwanta dama.

Shawarar abokanka zan fara ture wa gefe, kar ka ɗora. Na san hujjarsu, kai ka ɗauka da kyamararka kuma mai maganar ya yarda. Toh amma ka zauna ka tambayi kanka tsakaninka da Allah, me ya yarda da shi? Ranar da ya ce ka nuna wa duniya, ina kyautata zaton hannunsa da ya rine da baba yake nufi, da yadda yake tsoma yadi yana ɗagowa iska ta buge shi ya juye daga kore zuwa shuɗi, da sana'ar da yake jin tsoron zata mutu tare da shi. Shin a ranar ya san wata rana zaka shiga har ɗakinsa yana kwance ba ƙarfi? Kai ma ka san yadda aikin nan yake, in ka daɗe tare da mutum sai ya manta da kyamarar, ya koma yi maka magana kamar jikansa, kuma wannan mantuwar ita ce take sa dokumentari ya yi kyau, ita ce kuma take ɗora wa mai ɗauka nauyi, saboda mutum ya saki jiki ya faɗi abin da ba zai taɓa faɗa ba da ya tuna cewa mutum dubu zasu ji. Da yana raye sai ka koma ka tambaye shi. Yanzu baya nan, waɗanda zasu tsaya a madadinsa su ne iyalinsa, ko ka so ko baka so.

Kuma ka fahimci tsoron babban ɗan nan, ba mugunta ba ce. Bai ga fim ɗin ba, labari aka kai masa, kuma ka san yadda labari yake isa, wataƙila abin da ya ji kawai shi ne ubanka ya tsine maka a bidiyo za a sa a intanet. Mutumin nan yana da mata da 'ya'ya da abokan aiki a tasha, ya san yadda ake yanko daƙiƙa 30 daga hira mai tsawo a watsa a TikTok a ɗora waƙa a kai, gobe yana ɗaukar fasinja wani ya ce ba kai ne wanda babanka ya ce kaza ba. Ni da nake rubuta maka da ubana ne sai na ga abin da ke ciki kafin na ce eh.

Saboda haka ga abin da nake so ka yi. Bayan ta'aziyya da ɗan lokaci, ka nemi wani babba da suke jin nauyinsa, ko cikin dattawan marinar da suka san zamanka da marigayin ko limamin unguwa, ya raka ka. Ka tafi musu da kyauta wadda ba sharaɗi a kanta: ka tsinto wuraren da tsohon yake aiki, yake dariya, yake ba da tarihin kakanninsa, ka haɗa minti goma ko sha biyar ka sa a filash ka ba su, ka ce wannan naku ne ko an yi fim ko ba a yi ba. Gidaje nawa ne a garin nan suke da muryar mahaifinsu a ajiye bayan ya rasu? Jikokinsa da ba a haifa ba zasu gan shi yana motsi. Kar ka haɗa wannan da roƙo a rana ɗaya, ka bari ya zauna musu tukuna. Daga baya sai ka nemi izinin ka zo ka nuna musu abin da ka haɗa gaba ɗaya a cikin gida, kuma ka roƙa a bar matan gidan su gani, matarsa in tana raye da 'ya'yansa mata, don sau da yawa su ne suka fi sanin abin da tsoho zai so da wanda zai ji kunya. Gani ya kori ji.

Wannan ba sabon abu ba ne a sana'ar. Jean Rouch, Bafaranshen nan da ya yi shekaru yana ɗaukar fina-finai a Nijar har ya rasu a can a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, ya taɓa ɗaukar Sarkawa masu farautar dorina a kogin Neja, ya je ya haɗa fim ya sa kiɗa a wajen farautar don ta ƙara armashi. Da ya dawo ya haska musu a Ayoru sai masuntan suka ƙi yarda da kiɗan, suka nuna masa cewa farautar dorina shiru ake yinta, dabbar tana ji ko tana cikin ruwa. Ya cire kiɗan, kuma daga nan ya riƙi al'adar komawa ya nuna wa mutanen da ya ɗauka. Fim ɗin ya fi zama gaskiya bayan masu shi sun gyara masa. Kai ma zaka iya tarar da cewa akwai abin da ka fahimta a karkace game da tsohon nan, wanda mutum ɗaya a gidan zai miƙe maka da jimla ɗaya.

Game da wuraren biyu da suke damunka, ra'ayina ba ɗaya ba ne a kansu. Na jinya ka cire. Sai fa in su da kansu suka ce a bar wani abu, misali muryarsa kawai a kan hoton rijiyarsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa a tsaye da sana'ar hannunsa ya cancanci sutura, kuma fim ɗinka ba zai rasa komai ba, mai kallo zai gane ya rasu ba sai ya ga ramarsa ba.

Amma maganar 'ya'yan da suka bar sana'a, wannan kar ka yi saurin yanke ta, don inaga a nan ainihin fim ɗinka yake kuma rabi kawai ka ɗauka. Ka ji ta bakin uba, baka ji ta bakin 'ya'ya ba. Me ya sa suka tafi? Kowa a Kano yana alfahari da marinar Ƙofar Mata da ake cewa tun 1498 take, ana kai baƙi suna ɗaukar hoto, amma ka leƙa ka ga rijiyoyi nawa ne ake aiki a cikinsu, nawa ne suka cike da shara. Rinin baba sai an zuba ruwa da toka da baba an jira makonni kafin ya nuna, ga mai rinin kemikal a bayan layi yana gamawa da tukunya a yini ɗaya, ga atamfa da shadda na Chana sun cika Kantin Kwari da araha, ga masaƙun Kano da Kaduna da suka rufe ɗaya bayan ɗaya, ga baƙi 'yan yawon buɗe ido da suka ja baya tun bayan hare-haren Janairun 2012. Magidanci mai 'ya'ya huɗu da kuɗin haya da kuɗin makaranta, in ya duba ya ga adaidaita tana kawo cefanen yau a yau, wa zai ce ya yi laifi? Uban yana da gaskiyarsa, yana kallon abin da kakanninsa suka riƙe yana zubewa a hannunsa. Ɗan ma yana da tasa. Ka ce wa babban ɗan, Baba ya faɗi nasa, ban ga adalci ba in fitar ba tare da kai ka faɗi naka ba, ka zo ka zauna ka gaya wa mutane yadda abin yake. Mutumin da yake tsoron a yi magana a kansa sau da yawa yana sakin jiki in aka ce shi ma zai yi magana. In ya yarda, wallahi fim ɗin da zaka samu ya fi wanda kake da shi yanzu nesa ba kusa ba, don yanzu abin da ke hannunka tsoho ne mai ban tausayi da sana'a mai mutuwa, irin wannan an yi shi da yawa, amma gida ɗaya da uba da ɗa kowa da hujjarsa, wannan kowane Bahaushe zai ga gidansu a ciki.

In kuma sun gani sun ce a'a fa? To ka haƙura, kuma da gaske nake. Kar ka goge, ka adana, zuciya tana sanyi bayan shekara ɗaya ko biyu, wanda ya ce a'a cikin zafin rashi yana iya nemanka da kansa daga baya. Kafin nan marinar tana nan, akwai sauran dattawa da mabuga da masu ɗaurin zane, kuma suna kallon yadda zaka yi da iyalin abokinsu. In ka tsallake su ka ɗora, ba kai kaɗai zasu rufe wa ƙofa ba, duk wani yaro da zai zo da kyamara bayanka sai ya biya bashin.

Sai maganar ƙungiyar nan mai son saye. Da farko ba zaka sayar da abin da iyalin basu amince da shi ba, domin in ya bar hannunka baka da iko a kan yadda za a yanka shi, hoton jinyar nan da kake tunanin cirewa wataƙila shi ne farkon abin da zasu sa don ya fi jan tausayi. Na biyu, ko da iyalin sun yarda, akwai bambanci tsakanin sayar da gona da bada hayarta na damina ɗaya. Abin da ake yi shi ne lasisi: minti kaza, don amfani kaza, na tsawon lokaci kaza, a rubuce, sunanka a jiki, asalin kayan kuma yana wajenka. Duk takardar da ta ce ka sallama dukkan haƙƙinka har abada kar ka sa hannu sai lauya ya karanta maka, ko da abokin karatunka ne da ya zama lauya. Akwai ma hanya mafi sauƙi, tunda aikinka ya burge su ka ce musu wancan ba na sayarwa ba ne amma zan iya ɗaukar muku sabo na kwana biyu ko uku da marinan da suka amince, ku biya ni kuɗin aiki su ma a ba su nasu. In da gaske suke zasu karɓa, ka samu wani abu na lefen, fim ɗinka kuma yana nan.

Bari in gaya maka gaskiyar sana'ar nan tunda a kanta kake son gina rayuwa. A ƙasar nan da wuya ka samu wanda dokumentari kaɗai yake ciyar da shi tun daga farko, kusan kowa yana haɗawa da wani abu, talla ko aikin gidan talabijin ko ɗaukar taron ƙungiyoyi ko koyarwa. Don haka kar ka raina bikin da kake ɗauka, shi yake sayen batir da memori, kuma wanda ya iya kama fuskar uwar amarya a daidai lokacin da za a fita da 'yarta ba tare da ya ce a maimaita ba ya riga ya koyi rabin aikin. Ka duba maƙwabtanmu na Nijar. Aicha Macky 'yar Damagaram ce, ta yi fim a kan rashin haihuwa wanda ya taɓa rayuwarta ita kanta, ya ci kyautar dokumentari a gasar fina-finan Afirka ta AMAA a 2016, sannan a 2021 ta fitar da wani a kan samarin unguwar Kara-Kara a garinsu, da Hausa mutanen suke magana a ciki kuma ya zaga bukukuwan fina-finai na duniya. Sani Magori ɗan Galmi ne, da albasar garinsu ya fara. Ba wanda ya tafi neman labari a wata uwa duniya, abin da ke ƙofar gida suka ɗauka, kuma abin da ya ba su shiga shi ne mutane sun yarda da su. Kai ma shi ka samu a wajen tsohon nan, shekara biyu ka yi kana tara shi.

Kuɗin irin wannan aiki yawanci daga asusun tallafi yake zuwa. Akwai IDFA Bertha Fund na bikin fina-finan dokumentari na Amsterdam a Holan, akwai Hot Docs-Blue Ice na Kanada wanda na 'yan Afirka ne, akwai Durban FilmMart a Afirka ta Kudu inda ake gabatar da aikin da bai kammala ba a gaban masu kuɗi. A bukukuwan nuna fina-finai kuma, nan gida akwai iREP a Legas da Femi Odugbemi da abokansa suka kafa a 2010 don dokumentari zalla, akwai Zuma a Abuja na hukumar fina-finai ta ƙasa, ga FESPACO a Wagadugu ta Burkina Faso da aka fara a 1969, ana yin shi duk shekara biyu. Gasa ce mai zafi, ana ƙin mutum sau da yawa kafin a karɓe shi, ka shirya wa hakan. Abin da zasu nema kusan iri ɗaya ne, tirela, wato ɗan guntun tallan fim ɗin, ta minti uku zuwa biyar mai sauti mai kyau da fassarar Turanci a ƙasa, bayanin labarin a rubuce, kasafin kuɗi, da kuma tabbacin cewa mutanen da ke ciki sun amince. Kaga ko ta fuskar kasuwa ma takardar iyalin nan ita ce mabuɗin, ba gidan talabijin na kirki da zai sayi fim ɗin da magada suke ja a kansa. Shi kuma YouTube da abokanka suke hange, sai kana da mabiya 1000 da awa 4000 na kallo cikin shekara kafin a fara raba kuɗin talla da kai, kuma wasu bukukuwan basa karɓar fim ɗin da ya riga ya fita a intanet, wato zaka ƙona damarka ne a kan abin da ba zai kawo ko kuɗin data ba. In kuma zaka haska a bainar jama'a a Kano kar ka manta da hukumar tace fina-finai ta jiha.

Mahaifinka kuma ba maƙiyin burinka ba ne. Abin da yake gani ɗa ne mai shekara 28 yana fita da safe yana dawowa da dare ba aure ba albashi, kuma ban ga alamar ka taɓa zaunar da shi ka nuna masa abin da kake yi ba. Ka nuna masa minti goman nan na tsohon, dattijo ne zai gane darajar dattijo. Ka buɗe littafi kana rubuta abin da biki yake kawo maka duk wata, ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, ka kai masa lissafi a rubuce, ka ɗauki wani nauyi a gidan ko da kuɗin wuta ne wanda ba zaka taɓa fashi ba. Sannan ka nemi ya baka wa'adi, shekara ɗaya misali, ka ce in ya cika ban tsaya da ƙafata ba zan karɓi aikin da ya samu. In ma aikin gidan talabijin ko rediyo ya fito kafin nan ka karɓa, ba cin amanar burinka ba ne, zaka samu kayan aiki da mutane da albashi, fim ɗinka kuma ka yi shi Asabar da Lahadi.

Abu biyu na gaggawa. Yau ɗin nan ka kwafi duk abin da ka ɗauka zuwa ma'ajiya ta biyu ka kai wani gida daban, don kwamfuta tana mutuwa ana kuma sace ta, kuma wannan tsohon ba za a sake ɗaukarsa ba. Ka kuma sauke guntun nan na Instagram har sai kun daidaita da iyalin, in babban ɗan ya ga ka sauke da kanka kafin ya nema zai san da wa yake magana. Daga yanzu kuma duk wanda zaka ɗauka, ka kunna kyamara ka yi masa bayani da Hausa inda fim ɗin zai je da su wa zasu gani, ya amsa da bakinsa, ka haɗa da takarda in yana karatu, in aka zo wani wuri mai nauyi kamar ciwo ko rigimar gida ka sake tambaya a ranar. Ka rubuto min bayan kun zauna da babban ɗan, ka faɗa min abin da ya ce yadda ya faɗe shi, sai mu ga mataki na gaba. Allah ya yi maka jagora.